Ranar da Na Yaye Rufin Ɗakin Yaya

Ana tsakiyar damina na sa aka yaye kwanon ɗakin yayana a Gwiwa, don a ƙarfafa katakon da zai ɗauki farantan sola. Hujjata kuwa wayar da na saya hannun wani ɗan Nijar a kasuwar Babura. Manhajar yanayin cikinta ta ce satin nan ba ko yayyafi.

Yaya ya nuna gabas ya ce, “Wancan ba hadari ba ne?”

Na ce, “Yaya, tauraron ɗan'adam daga sama yake kallo, ku kuwa daga ƙasa kuke hange.” Har da gyara hula.

Kafin la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Katifa ta sha, buhunan gero suka sha, matar Yaya tana kwasar kaya tana yi mini sannu da ilimi.

Ina jiƙe sharkaf na sake duba wayar, tana nan kan bakanta. Sai lokacin na lura da sunan garin da take yi wa hasashe: Agadas.

Har yau, da hadari ya haɗo, Yaya zai leƙo ya ce, “Injiniya, a kwashe shanya, ko mu jira labari daga Agadas?”