Rasuwar Goggo, Firizar Kashin Tsuntsaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Hephzibah Shekari ta ɗakin gwaje-gwajen cututtukan dabbobi da ke Samaru take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da kuma waɗanda suka san abin da suka aikata, rasuwar abokiyar aikinta kuma rufin asirinta, farar firizar nan da ɗalibai ke kira Goggo. Rai ya yi halinsa a cikin hutun Babbar Sallah, bayan gajeriyar jinya ta kwana uku wadda ko mutum ɗaya bai leƙa ya ce mata sannu ba. Ta rasu tana da shekara tara.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana, ba ta da yawan magana. Abin da aka sani da ita shi ne "hummm" daga safe har yamma, sai in ta gaji ta ce "kwat", ta huta minti biyar ta ci gaba. Ta zo Samaru da batiranta masu aiki da hasken rana, saboda haka ko an ɗauke wuta mako guda ba ta san an yi ba. Wannan baiwar ce ta ɗaukaka ta, ita ce kuma ta jawo mata masoyan da suka ga bayanta.

Aikin da aka kawo ta ta yi guda ɗaya ne tak. A can kan tsaunukan Mambila akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji, wanda ba ya rayuwa sai a ragowar kurmin da ke saman dutse, kuma kullum raguwa yake. 'Ya'yansa na mutuwa a sheƙa da kumburarren ciki. Malama Hephzibah tana zargin wata ƙwayar cuta ce ta hanji, amma a madubin ƙara girma duk ƙwayayen kamarsu ɗaya, sai gwajin DNA ne zai faɗi ko wacce ce. Shekara huɗu ke nan baiwar Allah tana hawan dutse cikin ruwa da sanyi, ta shimfiɗa leda a gindin itace, ta zauna tana jiran tsuntsu ya yi kashi. Mace da digiri biyu! Danginta a Muchia har sun daina tambayarta wane irin aiki take yi, don amsar ba ta faɗuwa a gaban surukai. Haka ta tara 'yan kwalabe ɗari uku da goma sha biyu, ta damƙa wa Goggo, da sharaɗi guda: kada su narke. In suka narke suka kwana a zafi, abin da ake nema a ciki ya lalace, sai dai wari.

Goggo ba ta taɓa saɓa wannan alkawari ba. Mai makoki, wato Malama da kanta, ita ce ta fara saɓa shi, kuma ta ce a rubuta haka, kada a ce ta wanke kanta. Shekara uku da suka wuce, Malam Dalhatu mai kula da ɗakin gwajin ya kawo mata cinyar rago ta rabon layya, kamar yadda maƙwabtan kirki ke yi. Gidanta babu wuta, sai ta ce bari ta ajiye a wurin Goggo zuwa jibi. Shi ke nan fa, ƙofa ta buɗu. Da Kirsimeti 'yan watanda suka kawo kasonsu na saniya, da azumi aka kawo zoɓo da kunun aya, wata ma har da kek ɗin bikin ƙanwarta. Duk wanda ke neman shaidar zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista a Zariya, da ya buɗe marigayiya ya gani, ga kajin coci ga naman layya sun rungumi juna a kan kashin tsuntsu, ba a taɓa jin kansu ba.

A bana ne aka yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Rana ta biyu da Sallah manyan malamai suka yi ta sintiri da buhuna, kowa na cewa nasa ɗan kaɗan ne. Murfi ya ƙi rufuwa. Maimakon a rage kaya, sai wani mai zurfin ilimi ya ɗebo kundayen digirin ɗalibai guda shida ya danne murfin da su, karo na farko ke nan da aka ga an taɓa kundayen nan tun da aka ɗinke su. Nauyin ilimin bai isa ba, murfi ya tsaya da 'yar ƙofa kamar faɗin yatsa. Aka kulle ɗaki aka tafi yawon Sallah. Mai gadi ya ce ya ji ta tana "ƙirrr, ƙirrr" har kwana biyu, ya zaci murna take. A rana ta uku ta ce "kwat", ba ta sake cewa komai ba.

Abin da ya fi ci wa Malama rai, har take kuka in ta tuna, shi ne safiyar da aka dawo aiki. Malam Dalhatu ya buɗe ɗaki ƙarfe takwas, ya tarar da ruwa na bin ƙasa, amma tsakiyar kayan da sauran ƙanƙara. Nan take ya shiga buga waya. Ya kira shugaban sashe, ya kira mai kafaɗar rago, ya kira mai kai da ƙafa. Kafin ƙarfe tara Keke Napep ta cika ƙofar ɗakin, an ceto nama kaf, ko ƙashi ba a rasa ba. Akwatunan kwalaben kuwa, da yake sun tare hanya, sai aka jera su a kan taga inda rana ke dukansu. Ga masu sayar da ƙanƙara nan a kasuwar Samaru, tafiyar minti biyar. Ba a kira Malama ba sai bayan la'asar. Da ta tambayi dalili, Malam Dalhatu, mutumin kirki wallahi, ya dube ta da iyakar gaskiyarsa ya ce, "Malama, ai na ga kashi ne. Kashi yana lalacewa ne?"

Sinadaran gwajin da ta shekara biyu tana jira sun iso mako guda kafin Sallah. A safiyar nan ce ta shirya fara aiki.

An ɗauko Chukwuka, babban likitan firji na Sabon Gari. Ya kara kunne a bayanta, ya shinshina, ya cire hula, ya ce zuciyar ce ta ƙone, kuma a shekara ashirin da ya yi yana sana'a bai taɓa ganin firizar da aka kashe da alheri irin wannan ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, wato batira huɗu masu ƙoshin lafiya da shugaban sashe ya riga ya nuna sha'awar riƙo a ofishinsa, da ƙanwarta na'urar gwajin DNA wadda yanzu ba ta da abin gwadawa, da tsohon madubi mai ido ɗaya. Ta kuma bar masoya da dama, waɗanda tun ranar suke sauya hanya in sun hango Malama, bakinsu na ƙyallin mai.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Za a binne kwalabe ɗari uku da goma sha biyu a bayan ɗakin gwaji, daga nan a ɗora gawar a a-kori-kura zuwa wurin 'yan gwangwan a Sabon Gari. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da abinci, musamman soyayyen nama, don za a gane shi.

Ba za a yi zaman makoki ba. Ranar Juma'a da safe mai makoki za ta kama motar Gembu, can kan Mambila, da sababbin kwalabe da ledarta. Zuwanta na ƙarshe tsuntsaye goma sha ɗaya ta ƙirga, kuma an riga an fara sare gefen kurmin ana gona. In ta tarar da su, za ta zauna a gindin itace ta fara daga kwalba ta ɗaya. In ba ta tarar da ko ɗaya ba, jama'a su yi haƙuri su riƙe wannan sanarwa, ta wadatar musu su biyun, Goggo da tsuntsun.