Guɗar da Na Yi wa Jatan Lande

Ko zan manta da komai na zamana a Amurka, ban ga ranar da zan manta da safiyar sunan 'yata ta fari ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin jirgin ƙasa na Metro, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in sunkuyar da kai kamar fasinjojin sun san labarin.

Bari in fara da jatan lande, don su suka ja mini. Ba irin manyan nan da ake soyawa ba, wasu 'yan ƙanana ne jajaye na ruwan daɗi, babbarsu ba ta wuce gaɓar ɗan yatsa ba. A ofishinmu da ke unguwar Southwest na fara ganinsu, cikin wani tankin gilashi a kan teburin wata abokiyar aikina. Takarda kawai na je ajiye mata, sai ga ni na cinye lokacin abincin rana a tsaye, ina kallon wata tana tsintar abinci a jikin gansakuka da 'yan hannuwanta, sauri-sauri kamar mai tsince shinkafa. Da matar ta ga abin nawa ba na ƙarewa ba ne, ta ɗebo mini kaɗan a leda. Haka na rungumo su har gidanmu a Mitchellville, ina harar duk wanda ya matso kusa da ni a jirgi.

Na farkon duk sun mutu. Ruwan famfo na kwara musu kai tsaye, ban san maganin da ake sa wa ruwan birni guba ne a wajensu ba. Na biyun kuma tsafta ce ta kashe su, don na wanke musu tanki da sabulu har yana ƙyalli (ni a dole mai kula). Sai a na uku na yi hankali. Na koyi canza ruwa kaɗan-kaɗan, na sa soso a bakin injin tace ruwa don kada ya zuƙe ƙanana, na riƙa sulala musu ganyen alayyahu. Akwai ranar da na tarar da wata fara fat a kwance, na yi salati, na ɗauko gawar da cokali cikin jimami. Ashe riga ce kawai ta tuɓe, mai ita tana bayan dutse lafiyarta ƙalau.

Abu ɗaya ya gagare ni, shi ne su hayayyafa. Macen takan ɗauki ƙwai a ƙarƙashin cikinta, ta yi ta yi musu fifita da 'yan ƙafafunta kusan wata guda. Amma da ta firgita ko ruwa ya canza mata, sai ta zubar da su ta yi tafiyarta. Haka suka yi ta yi mini. To, a watan haihuwar matata Hauwa, sai wata jawur da nake kira Hajiya Babba ta ɗauki ƙwai, ta kuma riƙe su gam. Zo ka ga rawar kai! Kafin in tafi aiki ina gaban tanki, in na dawo ko takalmi ban cire ba ina gaban tanki. Hauwa takan dafa ciki ta ce, "Malam, tsakanina da ita wa ka fara tambayar lafiyarsa yau?" A lokacin da dariya take faɗa.

Ana gab da haihuwa iyayen Hauwa suka iso daga Zariya. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, dattijo ne mara yawan magana, irin wanda in ya dube ka sai ka gyara hularka ko da daidai take. A ranar mahaifiyata ta bugo waya daga Kano. "Haihuwar fari ce," in ji ta, "ka kama kanka. Kada in ji an ce kana tsalle-tsalle a gaban surukinka, kana rungumar jariri kamar Bature. Mu gidanmu an san mu da kunya."

Na ce to. Matsalata ita ce, ni in na ce to, sai na wuce gona da iri.

Da aka haifi yarinyar, ma'aikaciyar asibiti ta miƙo mini ita, Baba yana tsaye a gefe. Wallahi ƙirjina kamar ana kiɗa a ciki. Amma sai na mayar da hannuwana baya, na ce, "Ma sha Allah," da irin muryar da ake karɓar rasit. Haka na yi kwanakin nan kafin suna. In Hauwa ta shiga wanka, in kuma Baba ya fita miƙe ƙafa, sai in lallaɓa in tsaya a kan gadon jaririyar, ina ƙirga 'yan yatsunta ina murmushi ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Da na ji motsi sai in ɗaure fuska in fito. Hauwa ba ta taɓa kama ni ba, kuma nan gizo ya yi saƙarsa a kaina.

Ana gobe suna ta tare ni a ɗaki, idonta ya yi ja. "Ko sau ɗaya ban ga ka yi mata dariya ba," in ji ta. "In namiji ka so, ka fito ka faɗa mini."

Maganar ta soke ni. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji tarin Baba a bakin ƙofa. Na ce, "Ba haka ba ne," na fice. Ka ji namijin duniya.

Da safe gida ya cika. Maza a zaune a kan darduma a falo, mata a kicin da kan matakala, ƙanshin soyayyen nama ya game ko'ina. Malam Isufu, direba ɗan Maraɗi, shi ya ɗauko mana ragon daga wata gona inda aka yanka. Tankina kuwa yana kusurwar falo, Hauwa ta sa an lulluɓe shi da atamfa. Ban yi musu ba, don ni ma tsoro nake yara su bubbuga gilashi Hajiya Babba ta zubar mini da ƙwai. Da gangan na zaɓi wurin zama a gefensa (gadi nake yi, amma kowa ya ɗauka ladabi ne ya sa na raɓe a lungu).

Liman ya sanar da suna. Sunan mahaifiyata aka sa, wanda ke nufin ko sunan 'yar tawa ba zan iya kira ba, sai dai in ce Ummi. Aka yi ta barka, ana miƙo mini hannu ana cewa angon ƙarni, ni kuwa ina gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka gaya wa bas za ta makara. Na saci kallon Baba, na ce a raina, yau dai ya san 'yarsa ta auri ɗan mutunci.

Liman ya ɗaga hannu ya shiga doguwar addu'a, muka ɗaga namu. A nan ne na lura atamfar ta ɗan zame daga gefen gilashi. Ban yi niyyar leƙawa ba, idona ne ya tafi da kansa. Sai na ga wani ɗigo a jikin gilashin, bai kai tsinin gashin ido ba, garai-garai kamar ruwan kansa. Na ce datti ne. Dattin ya yi tsalle. Na ƙura ido, sai ga 'yan baƙaƙen idanu biyu, ga 'yan gashin baki, jatan lande cikakkiya amma mitsitsiya. Ga wata a kan ganye. Ga wata a jikin soso. Ga Hajiya Babba can tana kiwo, cikinta wayam!

Jama'a, ban san daga ina ta fito ba. Ni dai na ji wata ƙara ta tsaga falon, "Ayyururuiii!" Sai da ta kai ƙarshe na gane daga maƙogwarona take. Ni, da gemuna da babbar rigata, na rangaɗa guɗa a tsakiyar addu'a. Ban tsaya nan ba. Na fizge atamfar, na durƙusa na manna goshi da gilashi ina ihu, "Sun ƙyanƙyashe! Wallahi sun ƙyanƙyashe!" Sannan na miƙa hannu na cafko hannun rigar wanda ya fi kusa da ni ina jijjigawa, "Zo ka gani, don Allah zo ka gani!"

Hannun rigar Baba ne.

Liman ya tsaya da hannuwa a sama, bakinsa a buɗe. Hajiya Fati, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ta matso da farantin dabino a hannu, ta leƙa tankin ta ce, "Ei! Waɗannan ne? Ai ko an daka su, ko cokali ɗaya na yajinmu na shito ba za su yi ba." Malam Isufu ya gyara zama ya ce, "To, bon, in koma gona in ɗauko rago na biyu ke nan?" Sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba. Da na ɗaga kai, Hauwa na tsaye a kan matakala da Ummi a kafaɗa, ita kaɗai ce ba ta dariya. Ta dube ni, ta dubi tankin, ta juya ta hau sama.

Da aka shafa fatiha, Baba ya ce, "Ɗana, zo." Na bi shi waje, can gindin itatuwa, na tsuguna, na fara, "Baba, don Allah a yi mini..."

"Tashi," in ji shi. Ya dubi itatuwan, sannan ya ce, "Ranar da aka haifi Hauwa, ko kallonta ban yi ba a gaban mutane. Ɗakin tattabaruna na shiga, na juye musu dawar da ya kamata su ci a wata, na zauna ina ba su labari ina hawaye." Ya dube ni ta gefen ido. "Sai dai ni na rufe ƙofa."



"Tattabarun nan ba su kai mata labari ba," ya ci gaba. "Har ta girma tana ganin ban damu da zuwanta ba. Kifayenka ma ba za su kai ba." (Ban ce masa ba kifaye ba ne. Ina da sauran hankali.) "Kunyar ai ka riga ka zubar da ita a falo. Hau ka ɗauki 'yarka a gaban uwarta."

Na hau. Ɗakin cike da mata, har da surukata, aka yi ca a kaina da ido. Na ratsa su na je gaban Hauwa, na miƙa hannu biyu. Ta dube ni, sannan ta sa mini Ummi. Da ɗumin yarinyar ya taɓa ƙirjina, sai duk abin da na danne tun daga asibiti ya ɓalle. Na yi ta kuka ina dariya, ina gaya wa Hauwa yadda nake lallaɓowa in ta shiga wanka, har da ɗan tabon da ke bayan kunnen Ummi na hagu. Hauwa ta juya kunnen ta duba. Ta ga tabon. Ta goge idonta da gefen mayafi ta ce, "Tallafe mata kai da kyau, Baban Ummi. Wannan ba a leda aka kawo ta ba."

Kafin azahar wani ɗan albarka ya tura bidiyon guɗata Kano. Mahaifiyata ta bugo, ta ce ita dai ta haifi namiji da saninta. Har yau a masallacin Juma'a akwai masu tambayata lafiyar iyali, na sama da na ruwa.

Darasin da na ɗauka shi ne, murna in ka hana ta fita a inda ya dace, za ta nemi hanya da kanta, kuma ba ta duba ko surukinka na zaune a wurin. Yanzu Ummi a wuyana take yawo a gaban kowa. Tankin kuwa, duk ranar da za a yi taro a gidanmu, Hauwa da kanta take zaɓa mini wurin zama, can nesa da shi, kusa da ƙofa.