Yadda Na Zagi Fizar Don Aniello a Gaban Hukuma

Ranar Alhamis da ta wuce na yi wa hukuma ƙarya a bainar jama'a, sanye da kwat da lakataye. Shekara hamsin da huɗu hukuma na yi mini tata ƙaryar ina cewa na gode. Sau ɗaya tak na ce bari in rama, ga shi yau kwana biyar ban ci abincin rana na kirki ba.

Ga yadda aka yi. Manyanmu na can sama, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, sun zauna sun duba birninmu Napoli na Italiya kaf. Sun ga bas ɗin da ba ta zuwa sai ka yi fushi ka tafi a ƙafa, sannan ta wuce ka ba kowa a ciki. Sun ga ramin bakin lungunmu wanda ya girmi 'yata ta fari. Sun ga katakan gyara da aka jingina wa cocinmu tun ina da gashi a ka. Bayan dogon nazari suka gano abin da ya fi damun talaka: wai ba mu san inda ake fiza, gurasar nan tamu mai tumatir da cuku, mafi daɗi ba. Mu, a Napoli. Sai suka kafa kwamiti mai mutum goma sha tara, shekara biyu ke nan suna bin gari suna ci saboda mu. Na ga hotonsu na ranar rantsarwa, na kuma ga na bana, kuma dole in yaba. Ban taɓa ganin aikin hukuma da sakamakonsa ya fito fili haka ba. Maɓallan rigunansu kaɗai sun isa shaida.

Duk gidan da ya ci jarrabawarsu ana kafa masa allon tagulla a ƙofa, kuma mun ga abin da allon nan ke yi. Bara aka kafa wa wani gida a bayan kasuwar kifi. Yanzu tun ƙarfe goma sha ɗaya na safe layi ya miƙe, baƙi 'yan yawon buɗe ido da jakunkuna masu taya suna ɗaukar fiza hoto har ta huce. Tsofaffin da suka shekara talatin suna cin abinci a can kuwa suna tsaye a tsallaken titi, hannu a aljihu, kamar waɗanda aka yi wa rusau.

A nan kowa da gidan fizarsa, kamar yadda kowa ke da uwarsa, kuma ba a canzawa. Namu na Don Aniello ne, tebur shida da tanderun itace mai ɗaukar fiza uku a lokaci guda. Duk lungun a can muke ci, amma hakan bai hana mu gardama kullum a shagon Fortunato mai aski ba. Fortunato ya dage cewa ta ranar Talata ta fi, don kwaɓin ya huta tun Litinin. Donna Rusinella, tsohuwar da ke zama a ƙofarta daura da shagon, shekararta tamanin da ɗaya, ta ce wadda ba cuku ce kawai fiza, tumatir da tafarnuwa da mai, domin cuku bargo ne da malalata ke rufe aibi da shi. Ni kuma na ce a duba gefe, in gefe bai tashi ya yi ɗigon ƙuna ba, sauran duk labari ne. Abu ɗaya ne ba mu taɓa saɓani a kai ba: in baƙo ya tambaye ka ina ne mafi daɗi, ka nuna masa hanyar bakin teku, ka yi masa fatan alheri.

Sai ga takarda an manna a bango. Kwamiti zai zo gidan Don Aniello ranar Alhamis da tsakar rana, kuma za a ji ra'ayin jama'a.

"Shi ke nan, an gama da mu," in ji Fortunato, reza a hannunsa, rabin fuskata cikin kumfa.

Na ce, "Wataƙila ba zai ci jarrabawar ba."

"Farfesa, ka taɓa gutsurar fizar Aniello ka ce wataƙila?"

Farfesa suke ce mini don ina sa tabarau kuma ina karanta jarida har shafin ƙarshe. Ban taɓa koyar da ko kyanwa ba.

Donna Rusinella, wadda ba ta jin kiran likita amma tana jin raɗa daga tsallaken lungu, ta jawo kujerarta har bakin ƙofa. "Ba sun ce za su ji ra'ayin jama'a ba? To jama'a ta ba su. A ce musu ba daɗi."

"Wa zai faɗa?" na tambaya. Su biyun suka zuba mini ido.

"In ni na faɗa, a ce tsohuwa ce ba ta da haƙora," in ji ta.

"Ni kuwa Aniello ne ya riƙe mini ɗa ranar baftisma," in ji Fortunato. "Ba zan iya ba. Kai ne mai tabarau."

Na ce aƙalla a gaya wa Don Aniello shirin. Tsohuwa ta ɗaga sanda. "Kar ka soma, ɗana. Mutumin nan gaskiya ta yi masa yawa, zai ɓata mana aiki."

Da na gaya wa matata Nunziata, ta dube ni tsawon lokaci. "Saverio, kai da ba ka iya ƙarya ba. Ranar da ka ce miyar mahaifiyata ta yi daɗi, kunnuwanka sun yi ja har yamma." Amma ta goge mini lakatayen. Na ɗauka goyon baya ne. Yanzu na gane so take ta ga ƙarshen wasan.

Tsakar ranar hukuma ta yi da ƙarfe uku saura kwata. Motoci biyu suka toshe lungun, masu babur suka taru a baya suna ta hon. A cikin mutum goma sha tara ɗaya ne ya samu zuwa, Mai Girma Mataimakin Mataimakin Shugaban Ɗanɗano, da sakatariyarsa riƙe da tef irin na tela. Aka auna faɗin fiza. Aka auna tsayin gefenta. Aka leƙa tanderu aka gyaɗa kai, kamar an tabbatar wutar tana da lasisi. Da aka ajiye masa faranti, Mai Girma ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce likita ya hana shi fulawa. Kun ji sadaukarwa. Mutum ya ci wa ƙasarsa har jiki ya ƙi, bai kuma ajiye aiki ba.

Akwai abubuwan da na gani ranar da ya kamata su tsayar da ni. An yi wa bangon sabon farin fenti. Don Aniello ya sa sabuwar rigar aiki wadda layin ninkinta bai ma ɓace ba. Hoton mahaifinsa da ke saman tanderu, wanda hayaƙi ya rufe tun zamanin da, an goge shi har na ga ashe tsohon yana da gashin baki. Na gani duka, amma hankalina na kan jawabina.

"Akwai wakilin jama'a?" in ji Mai Girma, yana duba agogo.

Na ji bakin sanda a tsakiyar bayana. Na matsa gaba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "shekara talatin ina ci a nan, don gwiwata ba ta iya hawa tudu zuwa wani wuri. Kwaɓin nan nauyi gare shi. In ka ci ranar Alhamis, ranar Lahadi yana nan zaune a cikinka kuna jin huɗuba tare. Tumatir ɗin tsami, kamar an yi masa laifi."

Nan ya kamata in tsaya. Amma wani a baya ya yi dariya, kuma mutumin da ya kai shekaruna bai taɓa ba taro dariya ba, in ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya jin birki. Na gyara tabarau na ce, "Gefen kuwa, yallaɓai, akwai teburin da ke rawa a gidana, da shi na toshe ƙafarsa tun bara. Har yau bai motsa ba."

Fortunato da ke gyaɗa mini kai ya daina. Yana kallon bayana. Na juya. Don Aniello ne tsaye da faranti, tawa ce, mai cuku da ganyen ɗoɗɗoya, gefen ya ɗan ƙone ta ɓangare ɗaya yadda nake so. Da ya hango ni na shigo ya sa ta a wuta ba tare da na ce komai ba, kamar kullum. Ya wuce ni ya ajiye farantin gaban direban Mai Girma. "Ci, ɗan'uwa, in ba ka tsoron nauyi."

"Madalla," in ji Mai Girma. "An ji ra'ayin jama'a." Sakatariyar ko murfin biro ba ta cire ba. Ya yi wa direba alama, mutumin ya tashi baki cike da fiza, ya buɗe bayan mota ya ɗauko allon tagulla. An riga an zana sunan Don Aniello a jiki, da kwanan wata na Maris, wata huɗu kafin a auna komai. Aka buga ƙusa huɗu, aka ɗauki hoto, suka tafi. Wannan shi ake kira hangen nesa, kuma ba a kowace ƙasa ake samun shugabanni masu sanin sakamako kafin jarrabawa ba.

Bayan sun tafi Don Aniello ya tsaya gaban allon ya goge shi da gefen sabuwar rigarsa, duk da ba ƙura a kai. Shekara arba'in da uku yana bakin wuta, babu silin gashi ko ɗaya a hannunsa har gwiwar hannu. Takardar hukuma ɗaya tak ta taɓa zuwa da sunansa, ta gargaɗi kan hayaƙi. Mu kuwa da muke ci kullum, na tsaya na yi tunani, ban tuna ranar da ɗayanmu ya ce masa ta yi daɗi ba. Ci muke yi, mu tsallaka shagon aski mu yi gardama a kanta.

Ranar Asabar layi ya kai kwanar lungu. Amma Don Aniello bai yar da mutanensa ba. Duk ɗan lungu ya sauke kwandonsa da igiya daga baranda, yadda muke yi wa mai burodi, 'yarsa Teresina ta fito ta ƙofar baya ta sa fiza a ninke huɗu, a ja sama da zafinta. Donna Rusinella har ƙofa ake kai mata. Fortunato ma yana samu, domin ya je ya ba da labarin cewa Farfesa ya zare ne, sun yi ƙoƙarin riƙe shi abin ya gagara.

Ranar Lahadi bayan coci na bi ta ƙofar baya. Yana miƙa kwaɓi, bai ɗago ba.

"Barka da rana, Don Saverio," in ji shi. Shekara talatin bai taɓa sa mini Don ba, lakabin nan na girmamawa, sai sunana tsurarsa.

Na ce, "Aniello, don kar mu rasa ka na yi."

"Na sani. Rusinella ta gaya mini komai."

"To?"

"Na tumatir na yafe. Na nauyi ma na yafe, har huɗubar ta ba ni dariya daga baya." Ya watsa fulawa a kan teburin. "Amma ƙafar tebur ba ta cikin shirinku. Na tambaya. Wannan kai ka ƙirƙiro, kuma na ga fuskarka, daɗi kake ji."

Gaskiya ya faɗa, sai na juya na koma gida hannu wofi.

Yau da rana na yi ƙarfin hali na sauke kwandona. Na ji an taɓa igiya, na ja, na ji nauyi, zuciyata ta yi fari. A ciki akwai dunƙulen ɗanyen kwaɓi, tumatir biyu, da ganyen ɗoɗɗoya guda ɗaya.

Nunziata ta leƙa ta ce, "To, Farfesa, tunda ka san yadda ba a yi, nuna mana yadda ake yi." Ta kunna mini tanderun lantarkinta ta koma gefe da kofinta.

Abin da Don Aniello ke yi cikin minti ɗaya da rabi ya ɗauke ni minti arba'in. Abin da ya fito ba shi da suna. Tsakiyar ɗanye, gefen gawayi, siffarsa kamar taswirar wata ƙasa da aka yi yaƙi a kanta. Zan kai shara Nunziata ta riƙe hannuna. "Sa a kwando ka sauke masa. In ya yi dariya ka tsira."

Na sauke. Sai na ji dariya daga ƙasa, tasa ce, mai kama da tari, har da ta masu wanke faranti. Aka taɓa igiya. Na ja da sauri har na ƙuje hannu.

Wani dunƙulen kwaɓin ne. Teresina ta ɗago kai daga lungu ta ce, "Baba ya ce ka daina danne gefen da yatsa, kuma gobe ma ka sauke ya gani."

Nawa zan lalata kafin a sallame ni, bai faɗa ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Saboda haka mai karatu, in kana neman inda ake fiza mafi daɗi a Napoli, yanzu akwai allo, ba ka buƙatata. In kuma mafi muni kake nema, hawa na uku ne, ƙofar hagu. Ba layi.