Injin Hayatu da Bangon Adda Kaltume

"...da iyali? Da raki? Da rowa? Duk kun tashi lafiya?"

Hayatu bai ko waiwaya ba. Muryar ta ishe shi.

"Lafiya lau, Adda. Rowar ma ta ce in gaishe ki, wai ta yi kewarki tun rabuwarku da safe."

A shagon Zadok ne, mai sayar da kayan aikin kafinta da na masu walda a kasuwar Jimeta. Hayatu kafinta ne. A Mubi ya yi rayuwarsa, har zuwa shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka iso Yola a bayan motar shanu. Wadda ta karɓe su ita ce wannan mata da ta tsaya a bayansa riƙe da ƙugu, Adda Kaltume, malamar asibiti da ta yi ritaya. Ubanta wan mahaifiyarsa ne, wato su taubasai ne, abin da mutanen Yola ke kira dendi. Ita ce uwargijiya, shi ne bawa, kuma ba ta taɓa barin ya manta ba. Garejin gidanta na Shagari Low Cost ta ba shi ya mayar wurin aiki, yana nan ciki har yau.

A kan kantar Zadok akwai injin huda katako guda biyu. Ɗaya mai doguwar waya, ɗaya mai batir a gindi.

"Wa ya ba bawa izinin shiga kasuwa shi kaɗai?" in ji Kaltume. Ta ja kujerar roba ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Wa ya ba tsohuwa izinin tsallaka titi ba mai riƙe mata hannu?"

"Tsohuwa? Ni na wanke maka majina a gidan Goggo."

"Abin da nake faɗa ke nan."

Zadok ya sunkuyar da kai yana goge kanta, kafaɗunsa na rawa.

Kaltume ta miƙa hannu ta ɗaga mai batirin da yatsu biyu, kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Wannan abin wasan yaran za ka saya?"

"Shi ne. Ba ruwansa da wutar nefa, ba ruwansa da janareto. Ka yi masa caji, ka hau saman kwano da shi, ba wayar da za ta harɗe maka ƙafa."

"Na san irinsa. Halinku ɗaya. Da safe sai cika baki da ƙara, kafin azahar ya kwanta a gefe yana jiran a ba shi abinci."

"Shi kuma mai wayar halinki ne. Ƙarfi kam akwai, ƙara kuma har maƙwabta su rufe taga. Amma ba ya iya wuce ƙofar gida, kuma sai ranar da ya ga dama yake aiki."

"Ba shi ne ba ya ganin dama ba, wuta ce ba a kawowa."

"Ke ma haka kike cewa in an zo gidanki ba a tarar da abinci ba. Wai gas ne ya ƙare."

Ta ajiye injin ta juya wajen mai shago. "Zadok, don Allah faɗa wa wannan bawan gaskiya. Wanne ya fi ƙarfi?"

Zadok ya sosa ƙeya. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Hajiya ya faɗi gaskiya small. Mai waya ya fi ƙarfi in za ka huda siminti ko ƙarfe mai kauri, kuma ba ya gajiya. Amma oga Hayatu shi ma bai yi ƙarya ba. Mai batir na yanzu, katako dai ba ya ba shi wahala. Kuma batir ɗin nan, in kamfani ɗaya ne, zai shiga injin yanka, zai shiga na ɗaure noti. Wahala ɗaya, in batir ya mutu, sai ka zauna."

"Zama kuwa shi ne sana'arsa ta asali," in ji Kaltume.

"Ni? Rabin rufin Mubi da hannun nan aka buga shi."

"Shi ya sa duk damina ake kwana a tsaye a garin. Kai da ka yi min kujera 'yar tsugunno, baƙuwata ta farko da ta zauna sai ga ta a ƙasa, ƙafa a sama."

"Kujerar mutum ɗaya na yi. Baƙuwar taki ta ci tuwonki kafin ta zauna. Tuwon nan ko babbar mota aka ɗora wa sai tayarta ta fashe."

"Tuwon da ka cinye kwano biyu ranar da ka zo? Zadok, ka ga mutumin nan? Ranar da ya gudo, an ce sai da ya wuce mai babur a guje. Ya iso min gida takalmi ƙafa ɗaya, ba hula, sai guduma a hannu. Duk dukiyar shagonsa guduma ya ga damar ɗauka."

"Na san gidan da za ni. Na ce in ba guduma, da me zan fasa tuwon?"

Zadok ya kasa riƙewa, ya shige bayan shago yana tari.

Da ya dawo, Hayatu ya ce a nuna masa abin ajiyar kaya. Zadok ya turo wani jan akwatin ƙarfe mai taya biyu da mariƙi, durowa-durowa a ciki, da wurin kwaɗo. Ya nuna wani kabad na ƙarfe da ake kafewa a bango. Sannan ya ciro wani faffaɗan allo mai huji-huji da ƙugiyoyi, wanda ake rataye zarto da filaya da sukudireba a jiki, kowanne a gani da ido.

"Akwatin nake so," in ji Hayatu.

"Kabad ɗin zai saya," in ji Kaltume.

"Ni ke aikin ko ke?"

"Garejin naka ne ko nawa? Ka cika min shi da buhunhuna. Ƙusa a buhu, zarto a buhu, awo a buhu. Ran nan na shiga neman tsintsiya, na sa hannu a buhu, na fito da ɓera da 'ya'yanta."

"Ai 'yan hayarki ne, a can na tarar da su. Su ma sun ce ba kya gyara."

"Akwati mai taya na ɗan tireda ne. Mutum mai wurin aiki bango yake kafa wa kaya."

"Kabad ba ya bin mutum wurin aiki, Adda. In an kira ni Yolde Pate in sa ƙofa, in ciro bangonki in ɗora a keke?"

"To allon nan mai ƙugiya."

"Shi ma a bango yake."

"Shi ya sa na ce shi."

Hayatu ya dube ta sosai a karon farko. Inji mai waya, kabad na bango, allo na bango. Duk abin da ta zaɓa, abin da ba ya tashi ne daga inda aka ajiye shi.

"Adda, me ya kawo ki kasuwa yau?"

"Cefane."

"Ina cefanen?"

Ta gyara mayafinta, ta dubi titi inda masu keke ke ta hon. Da ta yi magana, muryar ta sauka.

"Matarka ta ce ka samu aiki a Mubi."

"Ƙauyukan bayan Mubi. Azuzuwan da aka ƙona ake gyarawa, silin da ƙofofi da benci. Babu wuta a can, shi ya sa nake neman mai batir."

"Ta ce ka je ka leƙa tsohon shagonka."

"Na je."

"Ga inji mara waya, ga akwati mai taya. Ni ba yarinya ba ce, Hayatu. Shekarun nan duka kana garejina, ko ƙusa ɗaya ba ka taɓa bugawa a bangon ba. Kai da na ga shagonka na can, bango duk kanta, kowane abu da mazauninsa. A nan kuwa komai a ɗaure a buhu, kamar mai jiran mota." Ta juyo ta dube shi. "Lokacin can da wayarka ta daina shiga, kullum ina tasha. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa fuskokin mutane. A cikin 'ya'yan Goggo kai kaɗai ka rage min. Ba zan sake tsayuwar nan ba, ƙafafuna ba za su iya ba."

Zadok ya sami wani kwali a can ƙurya ya hau gyara shi.

Hayatu ya juya injin a hannunsa. "Shagon nawa yanzu wata mata ke suyar awara a ƙofarsa. Na tsaya na saya, ta ba ni gyara, ba ta san ko ni waye ba. A layin duka mutum ɗaya ya gane ni, wani dattijo. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce ina ƙofar bayan gidansa da na ce zan kawo ran Juma'a."

Kaltume ta danne dariya, ta kasa.

"Yarana kuma in na ce Mubi, sai su tambaye ni ko akwai kifin Binuwai a can. Ina zan koma, Adda? Aiki zan yi in dawo kafin azumi."

"To bangon fa?"

"Bangon? Ke kika hana."

"Ni?"

"Ranar da kika ba ni makulli. Kika tsaya a bakin ƙofa kika ce, 'Kai bawa, sabon fenti ne, in na ga ko ƙwarzane a bangon nan sai na mayar da kai inda ka fito.' Ni kuwa da na san inda na fito, sai na nemi buhu."

"Ƙarya kake yi."

"Shuɗin fenti. Har kika sa na cire takalmin nawa ƙwaya ɗaya kafin in shiga."

Sai a lokacin ta tuna.

"Wasa nake yi, wawa. Yaushe ka fara jin maganata?"

"A ranar kam ko akuyarki ce ta ba ni umarni zan bi." Ya ɗan yi murmushi, ya dubi ƙasa. "Da farko maganarki ce. Daga baya kuma hannuna ne ya ƙi. In na ɗauki ƙusa sai in tuna wancan bangon."

"Yanzu fa?"

"Yanzu fentin ya tsufa ya yi kama da mai shi. Ko na huda ba wanda zai lura."

Ta zare silifa. Ya ja da baya ya ɓuya a bayan jan akwatin, yana kare fuska da injin.

"Zadok, kai shaida ne, za a kashe bawa a shagonka."

"Oga, ni ban ga komai ba. Hajiya customer ne."

Kaltume ta mayar da silifar. "Ba ni abin nan in gani."

Zadok ya ajiye guntun katakon gwaji a kan benci. Ta riƙe injin da hannu biyu, kamar yadda take riƙe allura a da, ta danna. Injin ya yi kuka, ya ratsa katakon, ya fito ta ƙasa kafin ta gama bismillah. Ta saki da sauri, ta dubi hujin, ta dubi injin.

"To," ta ce. "Ya fi mai shi zafin nama. Wannan kam na yarda."

"A rubuta, Zadok. Yau Adda ta yarda da wani abu."

"Rufe min baki. Ga sharaɗi. Kafin ka taka motar Mubi, allon nan mai ƙugiya ya hau bangona. Kabad kuma ba za ka sayi na ƙarfe ba, abin kunya ne kafinta ya sayi kabad. Kai za ka yi shi da hannunka, na katako, babba, wanda ko ƙarti ba za su iya fitar da shi ta ƙofa ba. Akwatin ka ja abinka ka tafi da shi, amma zartonka babba da gudumar nan a gida za su kwana."

"Garkuwa za ki yi da su?"

"Ƙwarai."

"To na ji. Amma bangon da ya haɗa da ɗakinki zan fara hudawa. Bayan azahar, daidai lokacin barcinki."

"Ka huda. Ni kuma in kawo maka tuwo, in tsaya a kanka sai ka cinye."

Hayatu ya ɗaga hannu biyu sama. "Da safe zan yi. Bangon waje."

Ta kwashe da dariya har tana share ido da gefen mayafi. Sai ta buɗe jakarta ta ce wa Zadok, "Batirin nan, kawo guda na biyu. Ni zan biya."

"Adda, da kuɗinki? Zadok, duba mata jiki, ko zazzaɓi ne."

"Ba don kai na saya ba. Don kar ka je ka zauna a ƙauyen mutane ka ce min batir ne ya mutu shi ya sa aiki bai ƙare ba." Ta karɓi batirin ta danna masa a tafin hannu, ta riƙe hannun na ɗan lokaci kafin ta saki. "Ɗaya na aiki, ɗaya na caji. Ba ka da hujja."

"Allah ya ja zamanin uwargijiya."

"Amin. Ja akwatin mu je."

"Ina?"

"Layin masu doya, a ciki za a zuba min. Na fasa cewa taya ba ta da amfani."

Hayatu ya dubi sabon akwatinsa, ja, mai sheƙi, ko ƙura bai taɓa gani ba. Ya dubi Zadok. Zadok ya ɗaga kafaɗa.

Ya kama mariƙin ya bi bayanta.