Rasuwar Dogon-Kunne, Abin Sauraren Ƙirji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Malam Munzali, ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti na ƙasar Sandamu, yana sanar da rasuwar abin sauraren ƙirjinsa, wanda majinyata suka fi sani da Dogon-Kunne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya ƙare rayuwarsa rataye a wuyan maigidansa, bai taɓa shaidar zur ba. In zuciya lafiya take, maganarsa biyu ce: dif-daf, dif-daf, da shiru a tsakani. In ta uku ta shigo, ko huci ya cike shirun nan, sai ya faɗa, ko ƙirjin waye.

Ciwon ajalinsa ya faro ne shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da magidantan garin suka ce namiji ba zai sake kai hannu ƙirjin matansu ba. Munzali, sarkin dabara, ya ƙara masa tsawo da robar ƙarin ruwa: mace ta ɗora kan a ƙirjinta da kanta a bayan labule, shi yana saurare daga waje. Tun daga nan mahaɗin robar yake ɗan shan iska, shuuu, har kunnen Munzali ya saba, ya daina kulawa.

Da ƙanwar Munzali, Khairunnisa, ta zo da tsohon ciki, tana haki, ƙafafu a kumbure, marigayi ya ce: dif-shuuu-daf. Munzali ya ɗora wa mahaɗi laifi, ya ce mata nauyin ciki ne, ta je ta huta. Makon jiya robar ta tsage, rai ya yi halinsa. Munzali ya aro sabo fil daga Daura, ya ɗora a ƙirjin ƙanwar tasa, ya ji abin da marigayi ya faɗa, ba ragi: ashe hucin daga zuciyarta yake. Tun ranar tsoro bai sake shi ba.

Marigayi ya rasu ya bar ma'aunin zafi, da abin awon jini mai fama da tsufa, da labule.

Za a yi jana'iza gobe bayan sallar asuba, a gindin darbejiyar bayan asibiti. Ba za a yi zaman makoki ba, domin mai makokin zai bi motar farko zuwa babban asibitin Katsina da Khairunnisa, wadda ta daina iya barci sai a zaune. Duk wanda ya tanadi addu'a don mamaci, Munzali na roƙon ya juya ta ga mai rai.