Rasuwar Ordinatar da Ya Ce Gana Kuskure Ce

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon wanda fari ya rage wa mutane, iyalan Malam Kyari na unguwar Birni, nan Damagaram, suna sanar da dangi da abokan aiki rasuwar ordinatar ɗinsu, wato kwamfuta, wanda a gida aka fi sani da Babban Baƙo. Ya cika ranar Talata bayan azahar, a kan teburinsa na gefen randa, yana tsakiyar aiki. Maigidan ya ce hannunsa ba zai iya riƙe alƙalami ba, shi ya sa rubutun ya faɗo kan maiɗakinsa Falmata, uwar Gana, wadda hannunta lafiya lau.

Marigayin ya zo ƙasar nan ta jirgi, cikin jaka mai katifa, shekarar da fara ta cinye abin da fari ya bari. Masu aikin agajin da Kyari yake yi wa ƙididdiga ne suka ba shi riƙonsa. A cikinsa akwai manhajar lissafi da Kyari ya ce ta fi kan mutum dubu. Sai a zaga ƙauyukan Gaffati da Dogo da Garagumsa, a ɗora yara a sikeli, a tambayi mata yadda asusunsu ke tafiya, a kwaso lambobin a ɗura masa. Shi kuwa ya tauna, ya yanke hukunci: ga ƙauyen da motar abinci za ta tsaya, ga wanda zai jira.

Ba a rasa abin faɗa na halinsa ba. Mai adalci ne. Idan aka kawo masa mai rumbu biyu da mai haƙar gidan tururuwa don neman tsaba, sai ya haɗa su ya raba, ya ce kowa na da rumbu guda, a gode wa Allah. Mai kunya ne kuma, ba ya tambayar abin da ba a gaya masa ba. Ya yaba wa matan Garagumsa, ya zana musu layi mai hawa sama kamar dutsen Birni, don ba su taɓa fashin zubi ba. Ba wanda ya ɗura masa cewa awakinsu suke kaiwa kasuwa ɗaya bayan ɗaya suna zubin, shi kuma bai ga dalilin shiga sirrin mutane ba.

Amma abin da za a fi tunawa da shi, tsabta. Duk lambar da ta yi nisa da 'yan'uwanta, sai ya buga mata tauraro ya fitar da ita, ya ce kuskuren mai rubutu ne. Ta haka ya share yaran Dogo da suka fi kowa ramewa, don a iliminsa ba a yin yaro mai wannan shekaru da wannan nauyi. Da ya lissafa sauran, sai Dogo ta fito da sauƙi. Mota ta wuce ta da ƙura.

Gida bai gaza masa ba. Aka ba shi wurin da ya fi ko'ina sanyi, inda a da ake shimfiɗa wa Gana tabarma. Aka ba shi fankar gidan, ita ɗaya tilo, tana yi masa fifita duk lokacin da aka kawo wuta, don shi ba ya jure zafin Damagaram. Ba a shara idan yana farke, ba a turare kusa da shi, ko da na Barno ne. Da safe ya ce “tit”, maigida ya amsa da murmushi. Ya Zainaba, mahaifiyar Kyari, ta taɓa leƙowa ta ce, “Kyari, wannan baƙon naka yaushe zai koma garinsu? Ko gaisuwa bai iya ba.”

Da famfo ya ƙafe aka koma sayen ruwan garuwa, zawo ya kama Gana, yarinyar da ba ta cika shekara biyu ba. Ta zube har awarwaron hannunta ya riƙa sulluɓowa da kansa. Wata rana Kyari ya zo da sabon sikeli zai gwada, ya ɗora 'yarsa, ya ɗura nauyinta da shekarunta. Marigayin ya yi “tit tit”, ya buga mata tauraro.

“Me ya ce?” in ji Falmata.

“Ya ce lambar ba ta yiwuwa. Sikelin ne bai daidaita ba.”

“Baban Gana, ni ba sikeli nake goyo ba. Da na goya ta, sai na kai hannu baya na tabbatar tana nan.”

Kyari ya ce ta bari ya gama rahoto, ya sake awon a natse. Falmata ba ta jira izinin akwati ba. Ta saɓa 'yarta zuwa inda ake ciyar da yara, aka zagaya wa damtsen yarinyar zaren awo, ya tsaya a ja, alamar haɗari. Aka sa ta a magani da abincin gyaɗa, aka ce a riƙa kawo ta kowace safiya. Kyari ya ji, ya ce zare ai awon gaggawa ne.

Ciwon ajalin marigayin bai daɗe ba. Ranar Talatar nan rana ta buɗe har kwano na ƙara, yana kuma tauna lissafin da za a aika Yamai. Gana na kwance bakin ƙofa, zazzaɓi ya rufe ta, tana numfashi sama-sama kamar ɗan tsako. Falmata ta jiƙa zane ta rufa mata, zanen ya bushe. Ta sake, ya bushe. Sai ta tashi ta ɗauki fanka ta juya ta ga yarinya.

Marigayin ya fara “fuuu”, sannan “tit, tit, tit”, irin kukan wanda bai saba da rashi ba. Kyari ya miƙe, har ya ɗora hannu a wuyan fanka. Falmata ba ta yi masa musu ba. Ta kamo ɗayan hannun nasa ta ɗora a damtsen Gana. Babban yatsansa da manuni suka zagaye shi suka haɗu, har da sauran fili. Ya tsaya a durƙushe yana kallon filin nan. A bayansa baƙo ya yi ta kira, bai waiwaya ba. Can sai wari ya tashi kamar an ƙona roba, fuskar marigayin ta yi baƙi, shi ke nan.

Ya rasu ya bar igiyar wuta guda, da jakarsa mai katifa, wadda yanzu ake zuba wa Gana zannuwa da magani a ciki, ta kuwa fi dacewa da hakan. Ya bar rahoto rabi. Ya bar Malam Kyari, wanda har yanzu yakan kalli teburin ya yi ajiyar zuciya, ba a kuma hana shi. Ya bar yaran Dogo da ya ce babu su, waɗanda suka rage.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis zuwa kasuwar Dole, rumfar Tanimu mai gyaran rediyo, wanda ya duba ya ce kusoshin za su yi amfani. Ba za a yi sadakar uku ba, bai taɓa ciyar da kowa ba balle a ciyar dominsa. Babban mai makoki, Malam Kyari, ba zai samu halarta ba, ya ɗauki sikeli da zaren awo ya tafi Dogo, zai bi masu tauraron gida-gida. Mai niyyar ta'aziyya ya samu Falmata da safe a rumfar ciyar da yara, in da hali ya riƙo tiyar gero, akwai matan da ke kwana a wurin. Wanda kuma ya zo gida, don Allah ya sassauta murya. Ba don mamacin ba. Gana ce ke barci a gefen randa, fanka a kanta.