Hannun da ke Jikin Takarda

Satin da muka tare a gidan haya a Pleasant Garden, can ƙasar Turawa, matata Hadiza ta ga wata tsohuwar takarda manne a bangon ɗakin ajiya. An zana ganye uku har da jijiyoyinsu, ƙarƙashinsu kuma hannun mutum ne, jawur, duk ƙuraje. Ɗakin tsit, sai warin ruɓaɓɓen katako. Ga shukar kanta ta nannaɗe tagar.

"Sammu ne," na ce mata. "Matsa, kakana ya karya waɗanda suka fi wannan."

Na yi bisimilla, na tuge shukar da hannuna.

Bayan kwana biyu hannuna ya kumbura, ƙuraje suka feso daidai inda suke a zanen. Hadiza ta daina haɗa kwano da ni.

Da dattijuwar da ta ba mu haya ta zo, ta dubi hannuna, ta dubi takardar.

"Marigayiya mahaifiyata ce ke zana tsirran gidan nan," in ji ta. "Wannan poison ivy ne, shukar da ke sa wa duk wanda ya taɓa ta ƙuraje. Ta ƙara hannun ne saboda yaran da ba su iya karatu ba."

Har yau in na miƙa wa abokina Alhaji Isufu, wanda ya ji labarin, hannu a masallaci, sai ya ɓoye nasa: "Malam, yau wace ciyawa ka yi wa ruƙiyya?"